Filin Tambaya da Amsa: Hanyar zama farfesan binciken kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mataimakin lakcara ne a sashen akanta, ina da digiri na biyu. Burina in ƙware a binciken kuɗi da tsarin tafiyar da kamfanoni har in kai matsayin farfesa. Wasu sun ce in fara da digiri na uku, wasu sun ce takardar ƙwarewa ta ƙungiyar akantoci, ICAN ko ANAN, ce a gaba. Wanne zan fara? Daga wani malami, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka burinka. Duka biyun sai ka yi su, amma fara da digiri na uku, domin shi ne ke buɗe ƙofar ƙarin girma a jami'a. Daga inda kake, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. A yawancin jami'o'inmu ana so mutum ya yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki, kuma da wuya a wuce lakcara na ɗaya ba tare da digiri na uku ba. Adadin maƙalun da ake nema kowace jami'a da nata, don haka ka nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma daga ofishin rajistara ka karanta da kanka, kada ka tsaya ga jita-jitar ɗakin malamai. Kuɗin karatu kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, yana ɗaukar nauyin malaman jami'o'in gwamnati, kuma ta hannun jami'arka ake nema.

Takardar ƙwarewa kada ta yi nisa a baya. ICAN, wadda dokar 1965 ta kafa, tana da jarrabawa mataki uku, kuma ana yafe wa mai digirin akanta wasu darussa. ANAN an kafa ta a 1979, ta samu amincewar doka a 1993, kwalejinta kuma ga ta nan kusa da kai a Kwall, ƙaramar hukumar Bassa. Ga wanda ke Jos wannan sauƙi ne babba.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ba ka tambaya ba. Binciken kuɗi sana'a ce ta hannu. Malamin da bai taɓa shiga sito ranar ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara ba, zai karanta wa ɗalibai ma'anar hujja daga littafi, amma ba zai iya gaya musu dalilin da ya sa odita, wato mai binciken kuɗi, ke sa a sauke buhunan da ke gaban tari ya leƙa tsakiya ba. A tsakiyar ne ake samun rami, ko kwalin da ba komai a ciki. Haka nan wajen cinikin ƙarshen shekara: odita zai ɗauko rasitan makon ƙarshe na Disamba ya jera su da takardun fitar da kaya daga ƙofa. Idan rasit ya ce an sayar ranar 30 ga Disamba, littafin mai gadi kuma ya nuna motar ta fita ranar 4 ga Janairu, to akwai alamar an jawo cinikin baɗi an cusa a bana. Tabbatar da bashi ma da ƙa'idarsa: odita da kansa zai aika wa banki ko mai bashi wasiƙa, amsar kuma ta dawo hannunsa kai tsaye. Da zarar ta bi ta teburin akantan kamfanin, darajarta ta zube. Wannan ba a koyonsa sai a fage. Ka nemi wani ofishin odita ya riƙa ɗaukar ka aiki lokacin hutu, da izinin jami'arka a rubuce, musamman daga Janairu zuwa Maris da aiki ke yi musu yawa.

Ka kuma koyar da misalan gida. Ɗalibai sun haddace labarin kamfanin Enron na Amurka da ya rushe a 2001, amma da yawa ba su san cewa a 2006 an gano an kumbura lissafin kamfanin Cadbury Nigeria da kimanin naira biliyan 13 ba, ko cewa a watan Agusta na 2009 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. Duk waɗannan wuraren suna da daraktoci da kwamitin odita mai sa ido kan lissafi. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya fita da ita daga ajinka ita ce: ina suke lokacin da abin ke faruwa?

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne matakai biyu na ƙarshe. A nan ana ɗaure maƙalunka a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su tantance a asirce. Su kuwa karantawa suke yi. Mujallar da ke karɓar kuɗi yau ta buga gobe ba tare da wani ya duba aikin ba, sun san ta. Bincike ɗaya da aka yayyanka gida huɗu aka sauya masa take, suna ganewa. Sunanka na biyar a maƙalar da ba fanninka ba, makinsa kaɗan ne. Mai neman kujerar farfesan binciken kuɗi, amma rabin aikinsa kan haraji ne, saura kan tallan kaya, za a tambaya fannin me ya ƙware. Tun yau ka zaɓi layi ɗaya ka riƙe.

Tambaya: Ina digiri na uku. Na kai wa mai duba aikina take kan yawan daraktoci da ribar kamfani, ya ce an gaji da shi. Me zan yi? Daga wata ɗaliba, Gwagwalada, Abuja.

Amsa: Malama, gaskiya ya faɗa miki, kuma gara yanzu da ranar kare aiki. Ki nemi wurin da doka ta sauya, ki auna kafin da bayan. Ga su nan a fili. Tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990 ta ce kwamitin odita kada ya wuce mutum shida, rabi daraktoci rabi wakilan masu hannun jari. Sabuwar dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, a sashe na 404, ta mayar da shi mutum biyar: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum, kuma dole aƙalla ɗaya ya zama ɗan ƙungiyar akantoci da doka ta kafa. Shin wannan rinjaye ya sa rahoto na fita da wuri, ko ya rage gyaran alƙaluma? Ga kuma kundin tafiyar da kamfanoni na 2018 da hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, FRC, ta fitar: ofishin odita kada ya wuce shekara 10 a jere da kamfani ɗaya, ba zai dawo ba sai bayan shekara 7, abokin tarayyar ofishin da ke sa hannu a rahoto kuma a sauya shi duk shekara 5. Wa ya bi, wa ya kawo uzuri, me ya biyo baya?

Sai ki yi hattara da alƙaluman, don a nan aiki ke lalacewa ba a sani ba. Rahoton shekara yana da layin rukunin kamfanoni da layin uwar kamfani gefe da gefe. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Wani kamfani yana rubuta kuɗinsa da dubbai, wani da miliyoyi, kuma idan kika haɗa su a kwamfuta ba tare da daidaitawa ba, ƙaramin kamfani zai zama ƙato. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sun koma ƙa'idojin lissafi na duniya, IFRS, a 2012, saboda haka alƙaluman kafin wannan shekara ba a kan ma'auni ɗaya suke da na bayanta ba. Bankuna da kamfanonin inshora ki ware su daban, tsarin lissafinsu ba irin na masana'antu ba ne. Idan kuma kika ga adadin bara ya bambanta a rahoton bana, an sake gyara shi ne. Ki rubuta wanda kika ɗauka da dalili, da lambar shafin kowane adadi, domin a ranar kare aiki za a iya cewa ki buɗe ki nuna.