Amsa ga 'yata kan durowar da ta ƙi rufuwa

'Yata, saƙonki ya iso, na ji daɗin jin lafiyarku. Kin ce durowar kayanki ta cika har ƙofarta ta ƙi rufuwa, kina son ki rage, amma zuciyarki na hana ki. Kin taso kin ga manya ba sa rabuwa da tufa, balle wadda aka ba su kyauta ko wadda mamaci ya bari. Shi ne kike tambaya ko fitar da irin waɗannan kaya saɓa wa al'ada ne, ko raina wanda ya bayar.

Ba saɓawa ba ne, ba kuma raini ba ne. Akwai dai abin da ba ki lura da shi ba saboda ƙuruciya. Manyan nan da kika gani ba ajiyewa suke yi su manta ba. Lokaci zuwa lokaci sukan fito da kayan, su kakkaɓe, su shanya su sha iska, su duba inda ya ɓarke su ɗinke, sannan su mayar. Kayan ma ba yawa gare su ba, mace ta san duk abin da ta mallaka ko a cikin duhu. Yau tufafi sun yi yawa a hannun mutane, sai aka riƙe ajiyar aka saki kulawar. Wannan ne yake damuna, don tufar da aka danne a ƙasan durowa lalacewa take yi ko ba a sa ta ba.

Gumi ko ɗigon mai da ba kya gani a jikin riga, in ta daɗe a ajiye, shi ne yake fitowa rawaya, kuma sau da yawa wanki ba ya fitar da shi. Asu ma wannan dattin yake bi. Ba mai fiffiken da kike gani yana tashi ne ke cin kaya ba, tsutsarsa ce, kuma ta fi son ulu da siliki, a wuri mai duhu da ba a motsa shi. Kayan da aka cusa babu iska sukan yi fumfuna da zarar laima ta shiga, musamman a cikin leda, don leda tana riƙe danshi. Robar ƙugu sakewa take yi da kanta in shekaru sun ja. Har takalmi, akwai mai irin ƙasan da yake farfashewa saboda daɗewa a ajiye. To ina darajar da aka ba kyautar, in ranar da aka buɗe sai huji da wari?

Ki zaɓi ranar da ba ki da baƙi, ki kwashe komai da komai ki zube a kan gado. Kada ki ce za ki riƙa zarowa ɗaya-ɗaya daga ciki, don sai kin ga tulin da idonki za ki yarda da yawansa. Ki goge durowar, har lunguna, ki bar ta a buɗe ta bushe sarai. Sai ki ɗauki kowace tufa ki tambayi kanki: tana shiga ni yau? Na sa ta tun bara? Wadda ta wuce zafi da sanyi ba ki neme ta ba, da wuya ki neme ta baɗi. Na san akwai kayan da ake ajiyewa wai sai an rame ko an yi ƙiba. Ki bar ɗaya ko biyu in ranki ya nace, sauran kuwa akwai wadda suka yi wa daidai yanzu.

Wajen bayarwa ne nake so ki natsu. Abin da za ki ji kunyar miƙa wa ƙanwarki, kada ki miƙa wa mabuƙaci. Ki wanke, ki goge, ki ninke, ki sa maɓallin da ya cire, kana ki bayar. Wanda ya mutu murus ya zama tsumman goge-goge. Kuma abin da kika ware ya fita daga gidan a cikin makon nan, in ba haka ba za ki ga ya lallaɓo ya koma inda ya fito.

Kyauta kuwa, wanda ya ba ki so yake a mora. Kin karɓa, kin gode, zumunci ya ƙaru. In ba ta yi miki ba, ki ba wadda za ta sa, ba tare da surutu ba, kuma ba a gaban mai kyautar ba.

Kayan mamaci daban ne, a nan ba na so ki yi gaggawa. Da farko, ba naki ba ne ke kaɗai, sai kin ji ta bakin sauran magada kafin ki taɓa komai. Na biyu, zuciya tana da lokacinta. In kin ɗaga rigar kika ji ba za ki iya ba, mayar da ita, babu mai korarki. In lokacin ya yi, ki zaɓi kaɗan da suka fi tuna miki da marigayiya, ki adana su yadda ya kamata: a wanke, a bushe ƙarau, babu sitaci don ƙwari na binsa, a naɗe cikin farin yadin auduga. Duk sanda kika fito da su, ki canja layin ninkin, don a kan layin nan zare ke fara karyewa.

Wajen mayarwa, na yau da kullum su zauna daidai hannunki, na fita sama, masu nauyi ƙasa. Kayan saƙa a ninke su, hanga tana miƙar da su su ɓata siffa. Ki bar sarari tsakanin abin da kika rataye yadda hannunki zai shiga ya fita.

Sai maganar kafur. Farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin kaya guba ne, yaro na iya ɗauka ya kai baki, kuma yana iya yi wa jinin wasu jarirai illa ko ta kayan da aka ajiye da shi. Kada ya kusanci kayan ɗanki. In kin ga alamar asu, abin da zai jure ruwan zafi ki wanke shi da ruwan zafi sosai, wanda ba zai jure ba ki ƙulle a leda ki sa a firiza kamar mako guda, ki fito da shi ya sha iska.

In kin kai kan kayan marigayiya kika ga abin ya yi miki nauyi, kira ni in zo mu yi tare. Ki gaida maigidan da yara.

Goggonki.