Tambaya da Amsa: Sai Na Manta Kafin A Ce Na Yafe wa Baffana?

TAMBAYA

Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni mace ce mai shekara 34, ina zaune a Kaduna da maigidana da 'ya'yanmu uku. Ina da shekara 11 mahaifinmu ya rasu a ƙauye, kuma ba a yi wata uku da binne shi ba ƙanensa ya karɓe gona da gida, ya ce mata ba su cin gado, ya kori mahaifiyarmu da mu 'ya'yanta mata huɗu. Har yau ina ganin yadda ya fito da tukwanen Mama ya jera su a ƙofar gida ana yayyafi. Ni aka kai aikatau birni, na yi shekara shida ina wanke-wanke ina kwana a ɗakin girki, ban sake shiga aji ba.

Yanzu Baffa ya tsufa, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, dangi kuma sun aiko cewa in zo gida da Kirsimeti a shirya, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi bai taɓa cewa ya yi laifi ba, gonar kuma tana hannun 'ya'yansa. Idan ana Addu'ar Ubangiji a majami'a aka zo wurin neman gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, shiru nake yi, kuma kusan shekara biyu ke nan rabona da Jibin Ubangiji. Wata uwa a zumuntar mata ta ce mini muddin ban manta ba, ban yafe ba. Shin haka ne? Kuma in je, ko kada in je?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA

'Yata, sannu da haƙuri. Abin da aka yi wa mahaifiyarku da ku zalunci ne, kuma na fara da faɗin haka ne domin na lura cewa a cikin duk waɗanda suke aiko miki da saƙon sulhu babu wanda ya kira abin da sunansa.

Uwar nan ta zumuntar mata alheri take nufi, amma maganarta ba ta tsaya a kan Littafi Mai Tsarki ba. Ki buɗe Farawa daga sura 37 ki bi labarin Yusufu a hankali. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, sannan aka yi shekara bakwai na ƙoshi da biyu na yunwa kafin ya bayyana musu kansa. Wato kimanin shekara 22 ke nan, kusan daidai da 23 ɗin da kika yi kina ɗauke da naki nauyin. Ya raɗa wa ɗan farinsa suna Manassa, yana cewa Allah ya mantar da shi wahalarsa da gidan mahaifinsa, amma ranar da 'yan'uwan nasa suka shigo sayen hatsi nan take ya gane su, ya yi musu magana da zafi, ya tsare su kwana uku, ya juya baya ya yi kuka. Da lokacin bayyana kansa ya yi, bai ce musu abin da ya wuce ya wuce ba. Ya ce shi ne Yusufu ɗan'uwansu wanda suka sayar zuwa Masar. Ko bayan rasuwar mahaifinsu Yakubu, a sura 50, sai da ya gaya musu cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta ta zama alheri. Mutumin da ya manta ba ya irin wannan magana, kuma duk da haka Yusufu ya yafe.

Da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, a Matiyu 18, misalin da Ubangiji ya biyo da shi na bashi ne, kuma sarkin da ke cikin misalin sai da ya yi lissafi kafin ya yafe. Yafiya ke nan a fahimtata: kin san abin da kike bin Baffa, ƙuruciyarki da karatunki da hawayen mahaifiyarki, kin kuma yanke shawara a gaban Allah cewa ba za ki nemi ya biya ki da wahalarsa ba. Kin daina yi masa fatan sharri, kin bar ramuwa a hannun Allah, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Romawa a sura 12. Zuciya tana iya yin shekaru kafin ta bi wannan shawara, kuma wata rana ƙarar tukunya kawai za ta mayar da ke ƙofar gidan nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba a kuwa kiran wannan rashin bangaskiya.

A Kaduna inda kike akwai shaida a kan haka. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin addini na 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da wasu 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sulhu tare, amma Fasto Wuye ya sha faɗi a bainar jama'a cewa ya daɗe yana aiki da mutumin nan alhali ƙiyayyar ba ta bar zuciyarsa ba.

Sulhu kuwa wani abu ne dabam, domin mutum biyu yake bukata. A Luka 17 Yesu ya ce a tsawata wa ɗan'uwan da ya yi laifi, in ya tuba a yafe masa, Bulus kuma ya ce a yi zaman lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannun mutum. Yusufu ma bai amince da 'yan'uwansa ba sai da ya gwada su da ƙoƙon azurfa a buhun ƙanensa Biliyaminu, ya ga wansu Yahuza ya miƙa kansa a madadin yaron. Dangin da suke so a taru a ci shinkafar Kirsimeti a ce an shirya, gona kuma ta ci gaba da zama inda take, kwanciyar hankalinsu suke nema. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, ninki huɗu ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta. Saboda haka ba ki saɓa wa yafiya ba in kuka kai maganar gonar gaban dattawan ikilisiya da mai unguwa, ko kuka nemi shawarar lauya. A 2014 Kotun Ƙolin Najeriya, a wata shari'a kan al'adar gado ta Ibo, ta yanke hukunci cewa hana 'ya mace gadon mahaifinta ya saɓa wa tsarin mulki. Ki kuma tuna cewa haƙƙin mahaifiyarki da na 'yan'uwanki ba naki ba ne, balle ki yafe shi a madadinsu.

Game da Jibin Ubangiji, ina roƙonki ki koma. Ayar da ake yawan tsorata mutane da ita, Matiyu 5:23-24, tana magana ne da wanda ya tuna cewa ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, wato mai laifin, shi aka ce ya bar baikonsa a gaban bagadi ya je ya shirya. Ki sami fastonki ki gaya masa duk abin da kika rubuto mini. In kuka zo wurin nan a Addu'ar Ubangiji, ki furta shi a matsayin roƙo, kina neman Allah ya ba ki abin da ba ki iya ba tukuna. Idan kuma mafarkai da rashin barci suna damunki, ki ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma zuwa can bai rage komai daga addu'arki ba.

Batun tafiya, ba na ba ki shawarar zuwa ranar Kirsimeti, lokacin da gida zai cika da jama'a, kowa yana jiran ki durƙusa. In kin ji za ki iya, ki fara shawara da Mama, sannan ki zaɓi wata rana ta dabam, ki tafi da maigidanki da dattijo ɗaya wanda ya san abin da ya faru. Ki gaishe da Baffa da jiki yadda ya kamata, ki faɗa masa cikin natsuwa abin da ya same ku bayan ranar nan, ki kuma gaya masa cewa ba ki riƙe shi da mugun nufi ba, in har haka ne a zuciyarki. Ki shirya wa yiwuwar cewa ba zai ce komai ba, ko don taurin kai, ko don ciwon nan yakan taɓa harshe. In kin dawo, ki rubuto mini yadda kuka yi.