Shin hoto zai iya gano sankarar fata ba tare da an yanki nama ba?

Tambaya: Likita, mahaifiyata na da baƙin tabo a tafin ƙafa, kullum sai ƙara faɗi yake. A asibiti an ce sai an yanki ɗan naman wurin an auna, ita kuma ta ƙi, wai daji ba ya son ƙarfe. Na ji akwai na'urorin da ke gano cutar ta hoto kawai. Ba za a yi mata wannan ba?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Na'urorin kam akwai su, sai dai aikinsu su nuna wa likita tabon da ya kamata a yanka. Hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce damatoskof, ƴar fitila mai gilashi da ake ɗorawa a kan fata, tana girmama tabo kamar sau 10. Wani nazari na 2008 da ya haɗa bincike da dama ya nuna ido kawai na kama kusan kashi 71 cikin 100 na melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin launin fata, da na'urar kuwa kusan kashi 90. Amma fa a hannun wanda ya ƙware.

A tafin ƙafa tana da amfani na musamman. Dubi tafin hannunki da kyau, za ki ga zane-zane masu tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Likitocin Japan ne suka nuna cewa tabo mara illa yakan bi kwarin, na sankara kuwa yakan hau kan tudun. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin melanoma a baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara.

Akwai kuma wasu na'urorin masu leƙa cikin fata da haske. Ɗaya na nuna ƙwayoyin fata ɗaya-ɗaya, amma ganinta bai wuce kusan kwata na milimita ba, fatar tafin ƙafa kuwa kauri gare ta. Wata mai suna OCT ta rage yawan yanka a wani gwaji na ƙasar Holan a 2022, sai dai a kan wata sankarar ce daban, ba melanoma ba.

Manhajojin waya kuwa, ban ba ki shawarar dogara da su ba. Wani nazari na 2021 ya duba hotuna sama da 100,000 da ake horar da irin waɗannan manhajoji da su. A cikin ƴan kaɗan ɗin da aka rubuta launin fatar mai su, 11 kacal ne na masu duhun fata.

Dalilin da ya sa yankar ta zama dole shi ne kaurin sankarar. Da milimita ake auna zurfin da ta yi, a jikin naman da aka ciro, kuma wannan awon ne ke faɗa wa likita faɗin da zai cire da maganin da zai biyo baya. Bincike bai nuna cewa ɗaukar naman gwaji na rage damar warkewa ba. Jinkiri ne ke yin wannan ɓarnar.

Ki lallaɓa Mama ku koma cikin makon nan. Kafin nan kada a yi wa wurin sakiya, tsaga ko shafa magani mai ƙuna, don suna ɓata naman da za a auna. Ku kuma roƙi likita ya taɓa matsematsinta ya ji ko akwai kaluluwa.