Tambaya da Amsa: Wai kiɗan kantiri na turawan ƙauye masu ƙin baƙar fata ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a jihar Tennessee ta Amurka, watan Agusta zan tafi in sha Allah. Ni kuma da kiɗan kantiri (country music na Amurka) na taso, Babanmu Allah ya jiƙansa ba ya tuƙi sai da kaset ɗin Don Williams ko Kenny Rogers. To wani abokina da ke New York ya ce wallahi kar in kuskura, wai kiɗan turawan ƙauyen kudu ne masu ƙin baƙar fata, duk motar da na ji tana tashinsa in sake hanya, wai gara ma in nemi canjin makaranta zuwa arewa. Hajiya ta ji maganar, yanzu ko barcin kirki ba ta yi. Don Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Kar ka canja makaranta, ka je ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta.

Tun da da Don Williams ka girma ba sai na tsaya ba ka tarihin Nashville, babban birnin Tennessee kuma cibiyar kiɗan kantiri, ba, kai tsaye zan tafi kan maganar abokinka, don na gaji da jin ta, kusan duk sati sai wani ya turo min irinta, galibi daga bakin masu bidiyon TikTok da suka yi wata uku a Amurka suka zama malaman ƙasar. Wai da kiɗan da mutum ke ji da jihar da ya fito za ka gane ko zai cuce ka. Wannan lissafin shi ke kai mutum ya baro, saboda zai sa ka tsorata inda babu komai, ka kuma saki jiki inda ya kamata ka buɗe ido. Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla, a Bronx ta cikin New York ɗin abokin naka 'yan sanda suka harbe shi a 1999, harsashi 41 suka sakar masa yana ƙofar gidansu. George Floyd a Minneapolis aka kashe shi a 2020, can ƙuryar arewa. Wa ya ji ana kiɗan kantiri a wurin? Kuma kudun da ake tsorata ka da shi, fiye da rabin baƙaƙen Amurka a can suke zaune, Memphis da ke Tennessee ɗin ma baƙaƙe suka fi yawa, Nashville kuma akwai Kurdawa Musulmi da yawansu ya fi na kowane gari a Amurka, ga Somaliyawa, ga masallatai.

Ita kanta maganar "kiɗan turawa" 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro ta. A shekarun 1920 kamfanonin faifan garmaho suka shiga kudu ɗaukar mawaƙa, talakawa farare da baƙaƙe suna kiɗa kusan iri ɗaya, sai suka raba kantar gida biyu, na baƙaƙe aka sa masa suna "race records" na farare kuma "hillbilly", wanda kusan zagi ne, kamar a ce maka bagidajen kan tsauni. Sai 1949 mujallar Billboard ta koma cewa "country and western". Kayan kiɗan ma ka duba, banjo bayin da aka kwasa daga Yammacin Afirka ne suka haɗa shi da duma da fata, ɗan dangin gurmi da molo ne, masana sun fi danganta shi da akonting na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya. Hank Williams da ake ɗauka uban tafiya, wani baƙar fata mai kiɗa a titi Rufus Payne ne ya koya masa jita a Alabama. Lesley Riddle baƙar fata ne, shi ya riƙa raka A.P. Carter, ɗaya daga cikin mawaƙan kantiri na farko, ƙauye-ƙauye tattaro waƙoƙi, Carter na rubuta baitoci shi yana haddace karin. Charley Pride sau 29 yana hawa lamba ɗaya a jadawalin kantiri, amma faifansa na farko-farko ba hoto aka tura su gidajen rediyo don kar a gane launinsa. A 2024 kuwa wani yaro Shaboozey, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa 'yan Najeriya, ya yi sati 19 a saman babban jadawalin Billboard da waƙa mai salon kantiri.

Batun yanki ma bai tsaya inda abokinka ya ajiye shi ba. Shirin rediyo na National Barn Dance a Chicago aka fara shi a 1924, ya girmi Grand Ole Opry na Nashville da shekara guda. Buck Owens da Merle Haggard a Bakersfield ta California suka yi suna. Garth Brooks a 1997 ya cika filin shaƙatawa na Central Park maƙil, tsakiyar New York. Shania Twain 'yar Kanada ce, Keith Urban a Ostireliya ya tashi, a Kenya akwai Sir Elvis, Don Williams da kansa ya je Harare ya yi wasa a 1997. Abin da ke faruwa shi ne ɗan birnin arewacin Amurka yana jin kunyar a ce yana jin kantiri, irin dai yadda namu 'yan bokon za su ce kalangu na mahauta ne amma ranar biki su ne kan gaba a liƙi. Ƙyamar talakan ƙauye ce ta fi yawa a cikin maganar, ana raina karin harshensa da motarsa a-kori-kura da cocinsa, sai a haɗa da kiɗansa.

Ba wanke 'yan kantiri da mutanen kudu zan yi tas ba fa. DeFord Bailey, baƙar fata mai busa, yana cikin taurarin farko na Opry amma a 1941 aka sallame shi, ya ƙare da goge takalma. A 2019 Billboard ta cire waƙar Lil Nas X daga jadawalin kantiri wai ba ta cika sharaɗi ba, mutane da yawa ba su yarda da wannan uzurin ba, ni ma haka. Morgan Wallen a 2021 an ɗauke shi a bidiyo yana furta kalmar nan ta cin zarafin baƙaƙe, gidajen rediyo suka dakatar da shi, cinikin waƙoƙinsa kuma sai ƙaruwa ya yi. A Murfreesboro kusa da Nashville an sha rigima da shari'a kan ginin masallaci, har aka ƙona kayan aikin ginin a 2010, sai 2012 aka buɗe shi. Duk wannan akwai.

To abin da za ka lura da shi ba sautin rediyon mota ba ne. Tutar nan ta 'yan awaren kudu, ja mai shuɗin gicciye da taurari, in ka gan ta a mota ko ƙofar gida to ba wurin tsayawa hira ba ne. Mashaya cikin dare dama ba taka ba ce. In ɗan sanda ya tsayar da kai, a Tennessee ne ko a New York, hannu a kan sitiyari, kar ka fito sai an ce ka fito, kar ka zura hannu aljihu ba ka faɗa ba. Da ka sauka ka nemi ofishin ɗaliban ƙasashen waje da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, su suka san unguwar da za ka kama haya. Sannan ka tafi da waƙoƙin Baba a wayarka, ranar da wani dattijon bature ya ji kana bin Don Williams baiti-baiti sai ka gaji da tambayar a ina ka koya.