Amsa kan zauren WhatsApp na iyaye da abincin yara

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko zauren WhatsApp da Islamiyyarku ke shirin buɗe wa iyaye zai iya gyara yadda yara ke cin abinci da motsa jiki, ko kuwa zai ƙara cika waya ne kawai. Na daɗe ina kula da irin wannan zaure a nan Agege, kuma amsata ita ce yana aiki, amma sai idan kowane saƙo ya nemi abu guda wanda uwa za ta iya yi da kuɗin cefanen da ke hannunta a ranar.

Ku yi amfani da saƙon murya, kada ya wuce minti ɗaya, domin uwa tana iya sauraronsa tana girki, alhali dogon rubutu wucewa ake yi ba a karanta ba. Sau biyu a mako ya wadatar.

Inda aikin yake shi ne abin da saƙon zai faɗa. Idan kuka ce a ba yara abinci mai gina jiki, kowa zai yi na'am, amma tukunya ba za ta canza ba. Idan kuwa kuka ce wannan makon duk wadda za ta dafa taliyar yara ta fasa ƙwai ɗaya, ta yanka alayyafo ko karas a ciki, to an ba ta abin da za ta kama. Haka ma karin kumallo. A Legas iyaye da yawa suna fita da asuba don gudun cunkoson hanya, sai a damƙa wa yaro kuɗi, kuɗin kuma su ƙare a biskit da lemon kwalba. Kwalba mai rabin lita takan ƙunshi sukarin da ya haura cokalin shayi 10, alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Gwamnati ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021. Saƙon da ya fi tasiri a wurinmu shi ne wanda ya ce a cika gora da ruwa tun dare, a haɗa da ƙosai, alala ko ayaba. Ku riƙa bin abin da ya yi araha a kasuwar Mile 12, lokacin mangwaro ku yi zancen mangwaro.

Kada ku bar iyaye maza a waje. Mai gida ne ke ba da kuɗin cefane, kuma sau da yawa shi ne ke dawowa da tsarabar kayan zaƙi.

Game da motsa jiki, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana. Gidajen hayarmu ba su da tsakar gida, don haka ku ambaci abin da zai yiwu: tsallen igiya a baranda, langa, tafiya Islamiyya da ƙafa tare da babba. Ku kuma faɗa a fili cewa wayar da saƙon ke shigowa ita ce ake miƙa wa yaro don ya yi shiru, kuma wannan ɗabi'ar ce ta fi bukatar gyara.

Ku rufe zauren ta yadda masu kula kaɗai za su riƙa turawa, sai rana ɗaya a mako a buɗe don iyaye su faɗi abin da suka gwada, ba tare da hoton yaro ko kunyata kowa ba. Ma'aikaciyar lafiya ta saurari kowane saƙo kafin ya fita, a kuma hana tallan magunguna. Yaron da ke ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina cin abinci, a kai shi cibiyar lafiya a ranar, kada a jira amsar zaure.