Amsar Kawu ga Sabon Zuwa: Kwalejin Shekara Biyu da Abin da Ke Cikinta

Assalamu alaikum ɗana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, na kuma ji ɓacin ranka. Ka ce makonka uku da sauka Bronx a birnin New York, babanka ya yanke cewa kwalejin al'umma za ka shiga, irin ta shekara biyu, ga abokanka na gida suna ta tambayar wace jami'a ka samu. Wani ya ce maka makarantar waɗanda jami'a ta ƙi ce. Ka tambaye ni ko akwai mai kama hannun sabon ɗalibi a irin wurin nan, kuma me ya sa takardar da suka ba ka ta cika da hotunan 'yan wasan kwaikwayo da masu zane, sai ka ce ba karatu aka je yi ba. Na ga gara in zauna in rubuta, don ka san ni da babanka, in muka hau waya siyasa ce ke cinye lokacin.

Ta wannan ƙofar ni ma na shiga, tun kafin in bar New York in dawo Ohio. Aikin ɗaukar hoton ƙashi da nake yi a asibiti, wanda da shi nake ciyar da ƙannenka, karatun shekara biyu ne ya ba ni shi. Saboda haka wanda ya gaya maka maganar nan, ka gaishe shi.

Jami'ar birnin New York, wadda kowa ke kira CUNY, tana da irin waɗannan kwalejoji guda bakwai. Biyu suna nan kusa da ku: Bronx Community College a University Avenue, da Hostos a kan Grand Concourse daidai titi na 149, inda jiragen ƙasa masu lamba 2 da 4 da 5 suke tsayawa. Karatun kiredit 60 ne galibi, wato rabin digirin jami'a; kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga nauyin darussan da ɗalibi ya ɗauka. Tun 2013 suka kafa tsarin da ya sa kiredit 30 na darussan gama-gari suke bin ɗalibi duk inda ya koma a cikin CUNY. Idan ka gama ka wuce manyan kwalejojin CUNY na shekara huɗu, irin su Lehman ko City College ko Hunter, ba daga farko za ka soma ba, kuma takardar digirin da za ka karɓa a ƙarshe sunan babbar makarantar ne a jikinta. Abokan naka su yi haƙuri shekara huɗu, za su ga hoto.

Yanzu kuɗi, don nan ne babanka ya fi ka gaskiya. Mazaunin birni yana biyan dala 2,400 a zango ɗaya idan cikakken ɗalibi ne. Wanda ba a lissafa shi mazauni ba yana biyan dala 320 a kan kowane kiredit, ka ga kiredit 12 sun tashi dala 3,840. Kuma koren katinka, wato izinin zama na dindindin a Amurka, shi kaɗai bai mai da kai mazauni ba. Ƙa'idar ita ce wata 12 a jihar New York, shida na ƙarshe a cikin birnin. Don haka daga yau duk wata takarda mai ɗauke da sunanka da adireshin gidan babanka, ta banki ce ko ta waya, ka adana ta a jaka guda. Ranar da ofishin rajista ya ce ka kawo shaida za ka gode mini. Abin da katin ya buɗe maka tun yanzu shi ne tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ba bashi ba ne, ana nemansa ta fom ɗin FAFSA, kuma mafi yawansa dala 7,395 a shekara, gwargwadon samun gidanku. Yana da iyaka: zango 12 a duk tsawon rayuwa. Kada ka ƙone shi a darussan da ba su cikin layin karatunka.

Wannan shekarar jiran a lissafa ka mazauni ba asara ba ce. Akwai shirin koyon Turanci na CUNY da ake kira CLIP, awa 25 a mako, kuɗinsa kaɗan ne kuma ba ya taɓa tallafinka. Na san ka ci Turanci a WAEC. Ni ma na ci. Amma ranar farko da malama ta buɗe baki a aji, na rantse maka sai da na duba takardata ko ajin wani yare na shiga. Ka bari su auna ka, in sun ce kana bukata kada ka ɗauke shi zagi.

Wanda nake so ka sa wa ido shi ne ASAP, shirin CUNY na taimaka wa ɗalibi ya kammala a kan lokaci. An fara shi a 2007. Suna cike gibin kuɗin makaranta da tallafi bai rufe ba ga wanda ya cancanta, su taimaka da kuɗin littattafai, su ba ka katin shiga jirgi da bas, sannan su haɗa ka da mashawarci ɗaya wanda dole ka riƙa zuwa wurinsa. Cibiyar bincike ta MDRC ta bi sawun ɗalibai shekara uku, ta fitar da sakamako a 2015: kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ke cikin shirin sun kammala, na waje kashi 22. Ka lura da adadin nan na biyu da kyau. Shi ne gaskiyar da takardar talla ba za ta gaya maka ba: shiga kwalejin nan sauƙi ne, fita da takarda ne aiki. Mafi yawan masu zubewa ba kai ne ba su da shi ba. Aiki ne ke janye su, wani ya kama tuƙin mota ya ga dala a hannu, ya ce zango ɗaya kawai zai huta, shi ke nan. Sharaɗin ASAP ya haɗa da zama cikakken ɗalibi da cancantar kuɗin mazauna birni, ka ga yadda maganar takardun nan ta sake dawowa.

Bari in ba ka labarin abin kunyata. Zangona na farko aka ba mu rubutun shafi uku. Na je laburare, na sami littafin da ya yi bayanin abin fiye da yadda zan iya, na kwafe sakin layi biyu tsaf, ko waƙafi ban canza ba. A ganina girmama marubucin na yi, tunda mu an tashe mu a kan cewa ɗalibin kirki shi ne mai mayar da karatu yadda aka biya masa. Takarda ta dawo babu maki, sai layi ɗaya da jan biro: ka same ni a ofis. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Da na je, malamar ta jawo mini kujera, ta ajiye littafin a gefe, ta ce in rufe ido in gaya mata abin da marubucin yake nufi da bakina. Na yi ta in-ina, tana rubutawa. Da na gama ta juyo mini da takardar ta ce, ga rubutunka nan. Ta kuma gaya mini ƙarara cewa a nan kwafe maganar wani ba tare da ambaton mai ita ba sata ce, tana iya kai mutum ga kora. Sannan ta tashi da kanta ta raka ni ɗakin taimakon rubutu, hawa biyu ƙasa da ajinmu. Wata biyu ina wuce ƙofar nan kullum, ban taɓa leƙawa ba, don na zaci kuɗi ake biya.

Ba a biya. Ɗakin rubutu, masu bita na lissafi da kimiyya, ɗakin kwamfuta, mai sauraron damuwa, har ɗakin da ake raba kayan abinci ga ɗalibin da aljihunsa ya bushe, duk suna nan, ba mai ce maka kawo ko sisi. Sai dai babu wanda zai biyo ka gida. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban malami, wadda a gida ladabi ce, a nan ana iya karanta ta a matsayin ba ka damu ba. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ɗalibai kawai, an rubuta su a takardar tsarin darasi da ake rabawa ranar farko. Ka je, ko da tambayar ƙarama ce. Kuma ka halarci taron sababbin ɗalibai da darasin shekarar farko, kada ka ce ɓata lokaci ne. A nan ake koya wa mutum abubuwa irin su: idan aji ya fi ƙarfinka, janyewa ake yi a rubuce kafin ranar da aka ƙayyade, ba daina zuwa kawai ba, don ɓacewa shiru tana iya cin makinka da tallafinka gaba ɗaya.

Salla ba matsala. Ka nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi, su suka san ɗakin da ake yi, kuma a Bronx za ka ji Hausa a harabar makaranta, yawanci ta 'yan'uwanmu na zangon Kumasi da Nima da mutanen Nijar. Lokacin zaɓen darussa ka kauce wa ajin azahar ɗin Juma'a. Dokar ilimi ta jihar ta ba ɗalibi damar rashin zuwa saboda ibada, a kuma ba shi damar rama jarrabawa, amma ka sanar da malami tun da wuri.

To, masu wasa da masu zane. Da farko dai da wuya ka tsere musu. A cikin kiredit 30 ɗin nan akwai rukunin fasahar ƙirƙira, sai ka ɗauki darasi aƙalla ɗaya a ciki, ko kiɗa, ko tarihin zane, ko wasan kwaikwayo, ko makamancinsu. Ko injiniya za ka zama. Ni ma na yi ta gunaguni, ina cewa na tsallako teku don in koyi sana'a an ce in je kallon wasa.

A wancan ajin aka ce kowa ya tsaya gaban jama'a minti biyar ya ba da labari daga inda ya fito. Ba ni da abin da zan ce, sai na tuna kakarka a tsakar gida bayan isha'i. Na tashi gwiwa na rawa, na ce musu idan na ce "ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "ta zo mu ji ta". Sai da muka maimaita sau uku kafin bakinsu ya kama. Na ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, har da tsamin bakin Gizo, da Turancina mai karaya. Wata dattijuwa 'yar Jamaika da ke zama a layin gaba ta buga tebur ta ce ai wannan Anansi ne, kakarta ma ta ba ta labarinsa. Wani ɗan Ghana ya ce daga wurinsu sunan ya tafi can. Aji ya kaure da musu, malami ya harɗe hannu yana dariya. Daga ranar na daina zama a kujerar baya. Dattijuwar nan ita ta riƙa duba mini rubutu har na gama, ita ce kuma ta gaya mini ranar da ake rufe neman shiga sashen da na karanta, saura kwana huɗu, ni ban ma san akwai ranar rufewa ba. Kwalejin nan ba ta da ɗakin kwanan ɗalibai, kowa ya fito aji sai ya ruga wurin aiki. In ba a irin waɗannan wurare ba, a ina za ka san mutane?

Kuma abin ba na wasan yara ba ne. Hostos tana da cibiyar fasaha da al'adu mai babban zaure na kujera kusan 900, inda ƙwararrun makaɗa da 'yan rawa na Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika suke zuwa. Mutanen unguwar suna ji da makarantar nan, don a 1976, lokacin da birnin ya shiga matsin kuɗi aka so rufe ta, ɗalibai da malamai da jama'ar gari ne suka mamaye ginin har aka fasa. Bronx Community College kuwa tana zaune ne a tsohuwar harabar jami'ar NYU tun 1973, da laburaren Gould mai ƙubba wanda Stanford White ya zana, da doguwar baranda mai mutum-mutumin tagulla kusan ɗari na fitattun Amurkawa, har da Booker T. Washington da George Washington Carver. A cikin sauran kwalejojin bakwai ɗin, BMCC a Manhattan tana da gidan wasanni na Tribeca a titin Chambers. Queensborough tana da ɗakin nuni mai tarin sassaƙe-sassaƙen Afirka. Katin ɗalibin CUNY yana shigar da kai gidan zane na MoMA kyauta, inda baƙi ke biyan kuɗi mai kauri. Ba duka ne za su burge ka ba. Na taɓa tsayawa gaban wani allo da aka shafe da launi ɗaya tal, na ce ko mai fentin gidanmu ya fi wannan ƙoƙari.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Akwai ajin zanen jikin ɗan'adam da ake kawo mutum ya tsaya babu tufa ana zana shi. Ka karanta bayanin darasi kafin ka yi rajista, ka tambayi mashawarcinka. Zaɓi yana da yawa, akwai ɗaukar hoto, akwai zanen kwamfuta, babu mai tilasta maka wancan.

Abokinka da ka ce yana so ya biyo ka da bizar ɗalibi, hanyarsa daban ce, kada ka yi masa alkawari. Mai bizar F-1 ba ya samun Pell, kuɗin baƙi yake biya, dole ya riƙe kiredit 12 kowane zango, aikin da aka yarda masa a shekarar farko na cikin makaranta ne kuma kada ya wuce awa 20 a mako. Sai ya nuna kuɗin shekara guda kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 da ake neman biza da ita, ga dala 350 na rajistar ɗaliban waje da ake kira SEVIS, ga dala 185 na neman biza. Bayan haka tun Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Chadi da Sudan, a Disamba kuma ta faɗaɗa jerin har ya taɓa Nijar da Najeriya. Ya duba shafin ofishin jakadanci da idonsa kafin ya ba wani ɗan kamasho ko kwabo.

Ranar Litinin ka shiga jirgi ka je makarantun biyu da ƙafarka, ka zauna a ɗakin cin abinci rabin awa ka ga irin mutanen. Ka tafi da fasfo, da koren katin, da asalin sakamakon WAEC. Ka kira mamanka yau ta laluba maka katin rigakafinka na yarinta ta ɗauko hotonsa, don dokar jihar ba ta barin ɗalibi ya ci gaba da zama a aji sai da shaidar allurar ƙyanda da hangum da rubela. In katin ya ɓace, gwajin jini ko sabuwar allura za su wadatar. Ka gaida babanka, ka ce masa rigar sanyin da na bari a gidansa taka ce, tana cikin akwatin da ke saman kabad.