Amsa ga mai tambayar birkin faifai a tirela

Malam, ka tambaya ko birkin faifai zai jure lodin siminti da hatsi tsakanin Katsina da Jibiya, ko gara ka zauna a kan na ganga. Zai jure sarai. Ya fi na ganga saurin huce zafi, kamunsa kuma ba ya raguwa sosai idan an yi ta taka shi.

Sai dai ƙura ce abokiyar gabarsa, mu kuwa nan da hunturu ba a magana. Duba robobin da ke rufe sandunan da kalifa (ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai) ke zamewa a kansu. Da zarar ɗaya ta yage, yashi ya shiga, kalifa ta cije. Za ka ga takalmi ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa na nan da kauri, taya kuma tana ƙaurin ƙuna. Idan naman takalmi ya sauko milimita 2, canza shi, kuma hagu da dama tare. Masu canza gefe guda don tsimin kuɗi su ne motarsu ke fizga gefe.

Don Allah ka hana yaran mota watsa wa faifai ruwa yana da zafi, tsagewa yake yi. A gangara direba ya sauko da giya, kada ya kwanta a kan birki. Tankin iskar birki kuma a zubar da ruwansa kullum.

Kafin ka saya, zagaya wajen masu kayan gyara ka tabbatar ana samun takalmin irinsa a Katsina, don wani sai an aika Kano.